Rantsuwa Kan Diga Tara

Duk wanda bai taɓa haƙa rami a faƙon Adar ba, don Allah ya ja bakinsa ya yi shiru in ana zancen diga. Ƙasarmu ta tudu ba rairayi ba ce. Ka sauka taƙi ɗaya ka tarar da tsakuwa, ka wuce tsakuwa ka tarar da dutse a shimfiɗe, in ka sara masa hauya ita ce za ta lanƙwashe ta bar ka da ciwon kafaɗa. Mai shuka yana iya matsawa gaba ya nemi wuri mai taushi. Amma in mutuwa anka yi, gawa na kwance cikin zafin bazara, ba ka da lokacin zaɓe. Sai da diga, sai da baramin, wato dogon ƙarfen nan mai tsini da ake fasa dutse da shi. Ƙauyukanmu kuwa ba kowane ke da su ba.

Shekara shida na yi ina aiki a wani shantiye, wato filin aiki, na gyaran ƙasa tsakanin Buza da Keita. Ba babban aikin nan na Keita da kowa ya sani ba, wata ƴar ƙungiya ce da ta zo daga baya. Muna haƙa ramuka masu siffar rabin wata a kan faƙo don su tare ruwan sama, muna jera duwatsu, in damina ta faɗi a dasa itace. Mu wajen arba'in ne, maza na haƙa, mata na ɗaukar duwatsu. A shekara ta uku abokan aiki sunka zaɓe ni delege, wato wakilin ma'aikata, wai don bakina ba ya da linzami. Har Madawa anka kai ni horo na kwana biyu. Can anka koya mana abin da ya kamata a yi in ana zargin ma'aikaci da laifi: a kira shi gefe, a ba shi takarda ya ba da bayani, a ba shi lokaci, a zauna da shi tare da wakilinsa, a ji shaidu, sannan a yanke hukunci daidai da laifin. Ba a caje mutum a bainar jama'a, ba a kore shi a tsaye. Na rubuta duka a kaye, wato littafin rubutu, har na ja layi da jan biro a ƙarƙashi. Kayen yana nan cikin akwatina, in na gan shi sai in ji kamar in cinna masa ashana.

Mai riƙe da magaza, wato ɗakin ajiyar kayan aiki, wani dattijo ne da muke ce wa Baba. Daga wani gari na wajen Madawa yake, inda asibitin mishan yake, kuma Kirista ne, shi kaɗai a cikinmu. Yana kwana a ɗan ɗaki jikin magaza, sai ƙarshen wata yake zuwa gida. Kada wani ya ɗauka waliyyi nake sifantawa. Baba yana da mitar tsiya. Ka maido felu, wato shebur, da laka a jiki, sai ya mayar da kai ka wanke, yana binka da magana har bakin tanki. Na taɓa yin mako uku ina roƙon safar hannu, yana cewa tsohuwar tana da sauran rai, alhali yatsuna uku a waje suke. Kowace diga ya shafa mata shuɗin fenti a ƙota da hannunsa. Mun sha faɗa da shi ba iyaka, da azahar kuma shi ke ajiye mana ruwan alwala a inuwa don kada ya yi zafi.

Abu ɗaya ne ba ya wa mita. In anka yi rasuwa a ɗaya daga ƙauyukan da ke kewaye da mu, wani cikin ma'aikata zai zo ya tsaya bakin magaza, ba ya ma buƙatar dogon bayani. Baba zai fito da diga biyu da baramin ɗaya ya miƙa, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Ba bon, wato takardar fitar da kaya, ba sa hannu. Wa zai tsaya neman sa hannu gawa na jira? Tsohon shef ɗinmu, wato shugaban shantiye, ya san da haka, yana kau da kai. Bayan kwana biyu uku kayan su dawo, Baba ya duba baki ya yi mitar an dakusar masa, shi ke nan.

Shekarar da nake magana, bazara ta zo da sanƙarau. Kayan sunka daina dawowa, don kafin a maido su daga wannan ƙauye, an aiko daga wancan. Mutane sunka ga wauta ce a kawo yau a dawo ɗauka gobe, sai anka riƙa jingine su a zauren mai gari. Cikin wannan bazarar innata ta rasu, ita tsufa ne ba sanƙarau ba. Da hantsi na zo magaza da kaina. Baba ya ba ni diga biyu da baramin, ya kulle ƙofa ya biyo ni da ƙafa har ƙauyenmu, ya tsaya nesa kaɗan har anka rufe ta, ya zo ya riƙe hannuna. Kayan ban maido ba, don washegari an ɗauke su zuwa ƙauyen gaba.

To, a lokacin an riga an canza mana shef. Sabon wani matashi ne daga Yamai, mai gilashi, mai karatu, ko tari zai yi sai ya ce prosedir, wai a bi ƙa'ida. Makonsa na farko ya manna takarda a ƙofar magaza: duk kayan da ya fita ba bon, da mai ɗauka da mai bayarwa duk korarsu za a yi. Munka karanta munka yi dariya. Ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa yadda muke yi in an mutu. Mun ɗauka baƙo ne, zai yi wata shida ya tafi kamar na gabansa, kuma a Buza yake kwana, sai ƙarfe tara ta yi motarsa kat-kat ke isowa. Wannan laifinmu ne, na yarda. Amma abin da ya biyo baya ya fi ƙarfin wannan laifin nesa ba kusa ba.

Wata Laraba labari ya zo cewa manya za su zo daga Tawa duba kaya. Shef ya shiga magaza ya ƙirga, ya fito fuska a murtuke: diga tara da baramin huɗu babu. Maimakon ya kira Baba cikin buro, wato ofis, sai ya sa anka busa usur, anka tara mu duka a ƙarƙashin rumfa, maza da mata, rana na tsakar ka. Ya ce akwai ɓarawo a cikinmu, kuma yau ba mai barin nan sai an san shi.

Kowa ya sunkuyar da kai. Aƙalla mu bakwai ne munka taɓa karɓar kayan da hannunmu bayan an manna waccan takarda, sauran kuma duk sun san inda suke. In an faɗi gaskiya, gida bakwai ne za su rasa abinci ana sauran wata biyu damina. Sai shugaban masu haƙa, wani mai son a ce yana da dabara, ya ɗaga hannu.

«Shef, abin mai sauƙi ne. A ɗauko izu sittin, kowa ya yi alwala ya dafa ya rantse bai sata ba. Wanda ya sata ba zai iya ba.»

Na gane nufinsa nan take, kowa ma ya gane. Tun da ba sata anka yi ba, duk za mu rantse da gaskiya, shef ya rasa wanda zai kama, magana ta mutu, mu kuma mu lallaɓa mu maido kayan kafin manya su iso. Har wasu sunka fara gyaɗa kai suna yaba masa. Shef mai prosedir, wanda ya fi ni sanin cewa babu wannan a kowace doka ta aiki, ya duba agogo ya ce a yi. Sauri yake, yana son ya samu abin rubutawa. Abin da mai dabararmu ya manta, mu ma duka munka manta, shi ne Baba. Shekara shida yana cikinmu har mun daina tuna cewa ba salla ɗaya muke yi ba.

Anka je masallacin ƙauye anka ɗauko Littafi a cikin gafakarsa, anka shimfiɗa buzu a kan tebur. Munka yi layi. Mata uku sunka ce ba su da tsarki, anka ce su koma gefe, kuma ba wanda ya ce musu uffan. Ku riƙe wannan, don har yau shi ke tafasa mini zuciya: su an karɓi uzurinsu da baki kawai. Ni ne na goma sha wani abu a layi. Na dafa, na rantse ban saci diga ba, ban saci baramin ba. Gaskiya na faɗa, amma na janye hannuna da sauri na koma gefe.

Da layi ya ƙare, saura Baba, yana tsaye jikin ginshiƙin rumfa da makullai a hannu. Shef ya ce saura kai. Baba ya cire hula.

«Ranka ya daɗe, wanga Littafi ba nawa ba ne, ba ni da alwalar taɓa shi. In na ɗora hannu, su da kansu za su ji haushina, kuma da gaskiyarsu. Mu kuma a majami'armu an hore mu kada mu rantse da komi. Amma kayan ba sace su anka yi ba. Ka ba ni minti biyar a buro, ni da kai da delege, in yi maka bayani.»

Ku ji fa. Mutumin da bai je horon Madawa ba, bai taɓa riƙe kaye ba, shi ne ya roƙi ainihin abin da doka ta ba shi. A keɓe, tare da wakilinsa. Har ya juyo ya dube ni da ya ce delege. Ya san in ya yi bayanin a nan, gaban kowa, sai an ce ya faɗi sunaye, kuma sunana na ciki. A buro wataƙila a lallashi shef, a samu mafita.

Shef ya ce, «Ba wani buro. Kowa a nan ya rantse, kai ma nan za ka yi. Ko ka dafa, ko ka faɗi wanda ka sayar wa.»

«Ban sayar ba, ranka ya daɗe.»

«To dafa.»

«Ba zan iya ba.»

Sai ƙananan maganganu sunka fara tashi daga baya. Wani ya ce af. Wata ta ce ikon Allah. Subhanallahi, mutanen da sunka san inda kowace diga take, su ne ke kallon juna kamar sun gano wani abu! Rantsuwar ta wanke su, sun ji daɗin wankan, kuma sai da wani ya zama mai dauɗa kafin wankan ya cika. Ni kuwa, mai bakin da ba ya da linzami, ina tsaye taki uku daga shef. Kalmomin suna cikin bakina a jere: ba haka doka ta ce ba, a ba shi takarda, a ba shi kwana biyu, ni wakilinsa ne ina neman zama. Ban faɗi ko ɗaya ba. Ina tunanin buhun gero da ya rage a rumbuna, ina tunanin ɗiyana huɗu. Tsoro ne, ba wani suna da zan ba shi.

Shef ya sa mutum biyu su caje ɗakinsa. Sunka fito da tabarma da buhu, sunka zazzage a ƙasa gaban mata: wando biyu, ɗaya da faci a gindi, kwalbar maganin hawan jini, garin rogo a leda, reza, da ƴar rediyo. Wata yarinyar mace cikin masu ɗaukar duwatsu ta yi dariya da ta ga wandon, sannan ta rufe baki. Dattijo mai furfura ya durƙusa yana tsince kayansa ɗaya bayan ɗaya, yana kakkaɓe ƙasa. Ba a samu ko ƙusa ba. Shef ya ce wannan ba ya nufin komi, ai ɓarawo ba ya ajiye kaya a ɗakinsa. Ya miƙa hannu, Baba ya sa masa makullai. Ya ce kafin la'asar kada ya gan shi a shantiye.

Daga shantiye zuwa bakin titi tafiyar awa biyu ce. Kat-kat na nan tsaye a inuwa, ba wanda ya ce a rage masa hanya. Ya ɗora buhu a ka ya bi hanyar dutse. Da ya zo wucewa ta gabana bai tsaya ba, bai harare ni ba, cewa kawai ya yi, «Delege, felu uku na bakin tanki, a shigar da su kada su kwana waje.» Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da na koma gida da marece, labari ya riga ni. Matata na tankaɗe a tsakar gida, ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba. Na fara ba ta labari ina gyara shi yadda zan fito da ɗan mutunci, ina cewa abin ya zo da sauri, shef ba ya jin magana. Ta aje rariya.

«Malam, kabarin Inna da mi anka haƙa shi?»

Na kau da kai.

«Da farcenka? Kai da anka zaɓa don ka yi magana! Tuwon da za ka ci da wanga aiki, ni dai ba zan tuƙa shi da daɗin rai ba.»

Na daka mata tsawa, na ce mi ta sani game da aiki. Tsawar ba tata ba ce, ita ma ta sani, don ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ci gaba da tankaɗenta.

Kwana biyu na yi ina jan ƙafa, ba zan ɓoye ba. Ran Asabar na ari amalanken jaki na bi ƙauyuka biyar. Ko wahalar nema ban sha ba. A kowane zaure suna nan jingine, da shuɗin fentinsu, wasu da jar ƙasar maƙabarta a baki. Wani mai gari da na gaya masa abin da ya faru ya riƙe baki yana salati, ya ce mi ya hana a aiko a tambaye shi? Tambayar ke nan. Tafiyar rabin yini da jaki ta isa ta warware abin da anka kori mutum a kansa. Ran Litinin da safe na zube diga tara da baramin huɗu a ƙofar buro, da ƙarfi, don ƙarar ta fito da shi. Na gaya masa komi, da sunana a farko. Na ce in kora ce ga ni.

Ya cire gilashi ya goge, ya mayar. Ya ce mi ya sa ba a gaya masa ba tun farko. Na ce Baba ya roƙi minti biyar, kai ka hana. Ya ce to, kaya sun dawo, alhamdu lillahi, ba zai kori kowa ba, a bar maganar. Na ce Baba fa? Ya ce rahoto ya riga ya tafi Tawa tun ran Alhamis, an rubuta sata, in ya janye yanzu shi za a ga wawa. Ku ji mini! Mutuncin dattijo a gefe ɗaya, kada a ga wawa a gefe ɗaya, ya auna ya zaɓi nasa. Na ce masa ai an riga an gani. Wannan ce kaɗai magana mai daɗi da na faɗa a duk wannan lamari, kuma ta zo a makare da kwana biyar.

Na shiga mota na tafi Tawa wurin sufeton aiki. Wani mutum ne mai sanyin magana, ya saurare ni har na gama, sannan ya fara tambaya yana rubutu. An ba shi takardar neman bayani? Na ce a'a. An ba shi lokaci? A'a. An zauna da shi? A'a. An caje shi gaban mutane? I. Ya ɗago kai ya ce, wannan shantiye ba ya da delege ne? Na ce akwai. Ya ce yana ina ranar? Na ce yana tsaye a wurin. Ya ce wane ne shi? Na ce ni ne. Ya mayar da kai ya rubuta wannan ma.

Sai da anka yi wata biyu ana kai da komo kafin takarda ta fito, da hatimi da sa hannu, cewa korar ba ta bi ƙa'ida ba, ba a same shi da sata ba, kuma yana iya komawa bakin aikinsa. Kafin nan ruwa ya sauka, an rufe shantiye, kowa ya koma gona. Bayan damina ƙungiyar ta tattara ta koma wani yanki, shef ya samu canji zuwa wani gari, na ji an ce har girma anka ƙara masa. Babu sauran aikin da Baba zai koma.

Na sa takardar a leda na tafi garinsu. Na tarar da shi ƙofar gida yana tufkar igiya, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Matarsa ta kawo mini ruwa ba ta dube ni ba. Daga bakinta na ji sauran, shi bai so a faɗa ba. Labarin ya riga shi isowa gida, ƴan kamasho da masu motocin kasuwa sun kawo shi. Ya nemi gadi a wurare biyu kusa da asibiti, anka ce za a neme shi. A majami'arsu shi ke riƙe da makullin ɗakin hatsin da ake tara wa gwauraye da marayu, fiye da shekara goma. Ba wanda ya ce masa ɓarawo, sai dai anka zo da ladabi anka ce ya tsufa, ya kawo makullin ya huta.

Na durƙusa na ce Baba ka gafarce ni. Ya ce ya gafarta tun a hanyar dutse, don ba ya son ya ɗauki buhu biyu. Na fito da takarda, na karanta masa da Faransanci na juya da Hausa. Ya saurara har ƙarshe. Ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ya shafa hatimin da yatsa, ya miƙo mini.

«Ɗana, ni ai na san ban sata ba, ba sai an rubuto mini ba. Gaban mutum arba'in anka zazzage mini buhu. Kai kuma ka kawo mini wanki cikin leda, ni da kai da awaki. Ka mayar da ita inda anka faɗi maganar, ka karanta musu.»

Inda anka faɗi maganar babu kowa. Rumfar ma an kwashe kwanonta. Mutum arba'in sun watse, wasu gona, wasu cirani Agadas da Libiya, biyu sun rasu. Ba mai usur ɗin da zai sake tara su. Sai na fara binsu ɗaya ɗaya. Yau shekara uku ke nan takardar na aljihuna duk ranar kasuwa, Buza, Tabotaki, Keita, wurin suna, wurin gaisuwar mutuwa. In na hangi wanda ya tsaya ƙarƙashin rumfar nan, sai in tare shi in ce tsaya ka ji. Wasu na sauraro da kunya, wasu na cewa ai mun sani, mi ne ne na tone-tone. In ce ka sani ka yi shiru, yanzu sai ka ji da kunnenka. Na ɓata da mutane da yawa a kan haka, har ana cewa delege ya samu taɓi. Su faɗa, ba ruwana.

Duk ƙarshen wata in na samu hali ina leƙa Baba. Ba ya tambayar lafiyar hanya sai ya tambayi nawa sunka ji, kuma mi sunka ce. In ce masa sun yi nadama, sun ce a gaishe ka, sun ce kai mutumin kirki ne. Sai ya gyaɗa kai ya ci gaba da tufka.

Kasuwar Tabotaki da ta wuce na gamu da wani cikin masu haƙa, yanzu albasa yake sayarwa. Ya tashi ya rungume ni, ya ba ni wuri a kan buhu. Na fito da leda, takardar duk ta tsage a wurin ninki na liƙe ta da salatif. Na karanta masa tun daga sama har hatimi. Ya girgiza kai ya ce Allah sarki Baba, wallahi an zalunce shi, mutumin kirki, Allah ya saka masa. Har na fara ninke takarda raina ya ɗan yi sanyi. Sai ya matso ya rage murya.

«Amma delege, tsakaninka da Allah, in ba shi da abin ɓoyo, mi ya hana shi dafawa?»

Na tsaya ina kallonsa har mai sayen albasa da ke gefe ya ja da baya. Shi ne na ashirin da bakwai da na karanta wa, kuma shi ne na tara da ya yi mini wannan tambaya. Ƙarshen watan nan zan je wurin Baba, zai tambaye ni mi sunka ce, kuma zan sake yi masa ƙarya.